Yarinya Mai Amsawa da Gira

A ƙauyenmu na bakin teku, a ɗaya daga cikin tsibiran Fiji, akwai wata yarinya 'yar aji shida. Gidansu yana jikin namu, shingen furanni ne kawai ya raba mu. Yarinya ce mai hankali. In aka aike ta, kafin ka juya ta dawo. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya cewa "ban gane ba."

Mu mutanen nan, in an tambaye mu abu, ba lallai mu buɗe baki ba. Ɗaga gira ya wadatar, kowa ya san ka ce i. To, ita wannan yarinya sai ta mai da girarta mafaka. Ta gane, gira na sama. Ba ta gane ba, gira na sama.

A makaranta tana ƙoƙari sosai. Lissafi ba ya ba ta tsoro. Dogayen kalmomin Turanci ma haddace su take yi kamar waƙa, har ana kiranta gwanar Turanci. Amma akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da suka zame mata ƙarfen ƙafa, irin su in da on da at. A harshenmu kalma ɗaya ce take yin aikinsu duka, shi ya sa suke rikita ta.

Wata rana malamarsu, Madam Salanieta, ta rubuta su a allo.

"Kada ku raina su don ƙanana ne," in ji ta. "Su ne suke nuna inda abu yake. A ciki ne, ko a kai, ko a ƙarƙashi, ko a baya. Kun gane?"

Duk aji ya ɗaga gira.

"Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu. Ba na cizo."

Yarinyar ta dubi allon. Ta so ta ɗaga hannu, amma ya yi mata nauyi. Ita da ake ce wa gwana, yaya za ta ce 'yar kalma mai harafi biyu ta fi ƙarfinta? Kuma tun tana ƙarama an koya mata cewa yaro ba ya yawan yi wa babba tambaya.

Madam ta dube ta. "Ke fa, kin gane?"

Ta ɗaga gira.

Daga nan ta samo dabara. In tana magana da Turanci ta iso kan 'yar ƙaramar kalma, sai ta haɗiye ta a maƙogwaro, ta wuce da sauri. In rubutu ne, sai ta yi canki-canka. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta faɗi. Haka ta yi ta lallaɓawa, kullum da fargabar ranar da asirinta zai tonu.

Ana cikin haka sai labari ya zo gidansu. Ƙanwar babanta, Nei Miliakere, wadda take aure a Ostireliya, za ta zo da ɗanta Isikeli don a kawo fuskarsa.

A wurinmu, yaro bai zama ɗan ƙauyen mahaifiyarsa sosai ba sai an kawo fuskarsa. Ana shigar da shi gaban mai gari da dattawa, a ba da kyauta, su karɓe shi. Daga ranar ya zama namu, duk gidan da ya shiga gidansu ne.

Wanda ya fi kowa murna shi ne kakan yarinyar, wanda suke kira Tukai. Ya tsufa ƙwarai, da sanda yake tafiya.

"Abin da ya rage mini ke nan," in ji shi. "In ga an karɓi fuskar jikana kafin in rufe ido."

Jirgin ruwa ya iso da hantsi. Nei ta sauko da tabarmi da yadudduka da katan-katan na sabulu. A bayanta ga wani ɗan yaro da bai wuce shekara bakwai ba, da gorar ruwa rataye a wuya. Shi ne Isikeli, amma Keli ake ce masa. Duk abin da ya iya a harshenmu gaisuwa ce, sauran kuwa Turanci ne zalla.

Tunda ɗan ƙanwar babanta ne, taubashinta ne. Tsakaninsu wasa da tsokana, ba wanda zai hana.

Da aka ci abinci, Nei ta jawo yarinyar gefe.

"An ce mini ke ce gwanar Turanci a makarantarku."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"To, na ba ki amanar taubashinki. Ni yau ba ni da lokacin kaina, ga girki, ga shirya kaya. Kuma wannan ɗan, in ni na yi masa magana, ta wannan kunne take shiga ta fita ta wancan. Ki koya masa yadda ake zama a gaban Ratu. Inda ake bi, da inda ba a bi. Gobe kuma ke za ki zauna kusa da shi. Za ki iya?"

Ratu shi ne mai garinmu. Yarinyar ba ta da tabbacin za ta iya. Amma ta ɗaga gira.

Da yamma ta ja Keli suka tafi bakin teku, inda yara suke buga zari-ruga a kan yashi. Suka zauna a gindin wata kwakwa. Ta daɗe tana shirya maganar a ranta. Tana so ta fara da cewa gobe a kan tabarma za su zauna.

"We sit in the mat," in ji ta.

Keli ya dube ta, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"A cikin tabarma?" ya ce da Turancinsa mai sauri. "Ta ina za mu shiga? Ko naɗe mu za a yi kamar kifi a ganye? On ake cewa, ba in ba."

Ba da mugunta ya faɗa ba, wasan taubasai ne. Amma wasu 'yan ajinsu da suke kusa sun ji.

"Af, ashe gwana ma takan zame," in ji wani yaro. "Gobe sai mu zo mu ga yadda za a naɗe ku."

Suka bushe da dariya. Kunya ta rufe yarinyar, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta tuna abubuwan da suka rage ta gaya masa. Kada ya tsallake igiyar akushin da ake ajiyewa a gaban Ratu. Kada ya tsaya a kan manya suna zaune. Ya bi ta bayan mutane, ba ta gabansu ba. Kada hannunsa ya wuce saman kan kowa, balle ya taɓa. Duk maganar cike take da waɗannan 'yan ƙananan kalmomi. Kowace jimla da tarkonta.

"Me kuma?" in ji Keli.

"Shi ke nan," ta ce.

Suka tashi suka shiga neman ƙaguwa a cikin duwatsu. Ta ce a ranta ai zai ga yadda kowa yake yi, ya kwaikwaya.

Washegari da safe, Nei tana shafa wa Keli man kwakwa, tana naɗa masa sabon zanen ɓawon itace. Ta waiwayo.

"Kin gaya masa komai da komai?"

Yarinyar ta ɗaga gira.

"Madalla da 'yar ɗan'uwana."

Wannan yabo ya dami yarinyar, don ta san ba ta cancance shi ba.

Tun kafin mutane su taru, yara suka shiga ɗakin taro suna shimfiɗa tabarmi. Keli ya cire gorarsa ya ajiye a kan taga, can wajen da Ratu yake zama. Yarinyar ta gani. Ta buɗe baki, ta sake rufewa.

Ɗaki ya cika. Ni ma ina can cikin mata. Ratu ya zauna a wurinsa, dattawa a dama da hagu. A tsakiya ga babban akushi, samari suna dama yangona, saiwar da ake daka wa a jiƙa don manya su sha a taro. Daga jikin akushin aka miƙe igiya mai farin wuri a bakinta, tana nuna Ratu. Muddin igiyar nan tana miƙe, ko jariri ba a bari ya tsallake ta.

Baban yarinyar ya yi jawabi. Mai magana da yawun Ratu ya fara amsawa. Jawabin dattawanmu kuwa ba shi da gaggawa, ga zafi, ga ɗaki a cike.

Keli ya fara mutsu-mutsu.

"Ƙishirwa nake ji," ya raɗa mata.

Ta ga idonsa a kan gora. Nan take ta san abin da zai yi. Tana so ta ce kada ka tsallake igiya, amma wace kalma ce? On ce, ko over, ko wata daban? In ta faɗa ba daidai ba ya yi dariya a gaban Ratu fa?

Tana cikin zaɓen kalma, yaro ya miƙe.

Ya taka tsakiyar ɗaki a tsaye ƙyam. Ya tsallake igiya kamar mai tsallake kwata. Ya isa wajen taga, amma gorar ta yi masa nisa. Sai ya dafa kan Ratu da hannu ɗaya, ya yi ɗage, ya ɗauko abinsa.

Ɗaki ya yi tsit. Wata tsohuwa ta rufe fuska da mayafi.

A lokacin an riga an miƙa wa Ratu ƙoƙon farko. Ya dubi ƙoƙon, ya ajiye shi a ƙasa bai sha ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Mai magana da yawunsa ya yi gyaran murya.

"A naɗe igiya," in ji shi. "Yau a tsaya nan."

Mutane suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Kyautar da Nei ta kawo tana nan jibge, ba wanda ya taɓa. Keli ya tsaya da gora a hannu yana rarraba ido.

A gida Nei ta saka shi a gaba, tana faɗa tana hawaye.

"Ba a gaya maka ba? Kan Ratu za ka dafa?"

"Ba wanda ya gaya mini komai," in ji Keli.

"Har da ƙarya kuma? Jiya duk yamma kuna tare da ita."

Keli ya juyo ya dubi taubashiyarsa. Ita kuwa ta kafa wa ƙasa ido. Tana jin kallonsa a jikinta, amma bakinta ya ƙi buɗuwa.

Aka hana shi zuwa teku. Ya shige ƙuryar ɗaki yana kuka, yana cewa shi gida zai koma, mutanen nan ba sa sonsa. Tukai kuwa ya shige ɗakinsa. Ya kwanta a tabarmarsa, ya juya fuska bango. Aka kawo masa rogo da kifi a madarar kwakwa, abincin da ya fi so, ya ce ya ƙoshi.

Yarinyar ta ji iyayenta suna magana a bayan madafa.

"Jirgi ranar Asabar zai dawo," in ji mahaifiyarta. "In ba a gyara ba kafin nan, haka za su tafi."

"Kuma wa ya san ranar da za su sake zuwa?" in ji babanta. "Tsoho ba zai jira ba."

Ita ma ranar ba ta ci abinci ba. In ta kai loma baki, sai ta tuna ƙoƙon da Ratu ya ajiye.

Kashegari a makaranta jikinta ne kawai a aji. Aka tashi tara, kowa ya fita, ita ta zauna. Madam Salanieta, wadda ita ma take ɗakin taro jiya, ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Lafiya kuwa?"

Gira ta fara ɗagawa, don ta saba. Sai hawaye suka riga ta.

"Madam, ba laifin Keli ba ne. Ban gaya masa komai ba."

"Me ya hana?"

"Ƙananan kalmomin nan ne. Ban taɓa gane su ba. Na faɗi ɗaya ba daidai ba, aka yi mini dariya, sai na ji tsoron sauran."

Madam ta dube ta.

"Duk ranakun da nake tambaya kina ɗaga mini gira fa?"

"Kunya nake ji, Madam."

"To, bari in tambaye ki. Da kika yi kuskure a bakin teku, wa ya ji ciwo?"

"Ba kowa."

"Da kika yi shiru fa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta tuna Keli a ƙuryar ɗaki, da Tukai da fuskarsa a bango.

"Kuskuren kalma dariya ake yi masa, a gyara, a wuce," in ji Madam. "Share hawayenki. Miƙo mini kwandon can, da ƙoƙon kwakwar da muke zuba alli."

Madam ta jefa ƙoƙon cikin kwando. "Ina yake?"

"A ciki."

"Wannan shi ne in." Ta kifa kwandon, ta ɗora ƙoƙon a kansa. "Yanzu fa?"

"A kai."

"On ke nan. Abu ya hau, ya taɓa."

Ta cusa shi ƙarƙashi, ta faɗi sunansa. Ta ajiye shi a baya, ta ajiye shi a gaba. Ta ɗaga shi ta tsallakar da shi ta saman kwando ba tare da ya taɓa ba, ta ce wannan over ne. Sannan ta miƙa wa yarinyar ƙoƙon.

"Yanzu ke za ki yi, ni in kalla."

Yarinyar ta yi, ta ɓata, ta sake yi. Madam ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Abin da ya gagare ta wata da watanni, sai ga shi yana zama a kanta da kwando da ƙoƙo.

"Duka haka suke da sauƙi, Madam?"

"A'a, ba zan ruɗe ki ba. Wasu ido ke kama su, kamar waɗannan. Wasu kuwa sai kunne ya saba, kamar na ranaku da lokuta. Ni kaina har gobe nakan tambaya."

"Ke ma, Madam?"

"Ni ma. Kuma ke kina da malami a gida, taubashinki. Shi ya san kalmomi bai san wurare ba. Ke kin san wurare ba ki san kalmomi ba. Ku haɗa kai. Amma kin san abin da za ki fara yi in kin koma."

Yarinyar ta fara ɗaga gira, sai ta tuna. "Na sani, Madam," ta ce da bakinta.

Hanyar gida ba ta taɓa yi mata tsawo kamar ranar ba. Ta tarar da babanta yana ɗinkin koma a inuwa, mahaifiyarta da Nei suna kankare kwakwa. Ta durƙusa daga nesa.

"Tata, ina da magana," ta ce wa babanta.

Ta faɗi komai, ba ta rage ba. Babanta ya ajiye komar.

"Rashin sanin bai dame ni ba," ya ce a hankali. "Abin da ya dame ni, kin bar ƙaramin yaro ya kwana da laifin da ba nasa ba."

"Na yi kuskure, Tata. Nei, ki yafe mini."

Nei ta share hannunta a zane. "Ni ma da nawa laifin. Ɗana ne, ni ya kamata in zaunar da shi. Na ga gira na kama gabana."

Ta shiga ɗaki ta fito da Keli, ta rungume shi, ta ba shi haƙuri. Yarinyar ma ta ba shi haƙuri da Turancinta, ba ta haɗiye ko kalma ɗaya ba. Ya ɗan harare ta.

"Saboda tabarma ne duk wannan?" in ji shi.

"Saboda tabarma ne."

"To ai da kin rama. Ni ma ban iya naku ba."

Da la'asar babanta ya ɗauki damin saiwar yangona, suka tafi gidan Ratu neman gafara. Yarinyar ta zauna can bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Yaro ba ya magana a irin wannan wuri, don haka babanta ne ya faɗi yadda aka yi. Ratu ya saurara har ƙarshe.

"Baƙo ko da ido makaho ne," in ji Ratu daga baya. "In jagora ta yi shiru, dole ya yi karo. Amma jagorar da ta dawo ta faɗi gaskiya ba a yar da ita." Ya ɗora hannu a kan damin, alamar ya karɓa. "A sake shimfiɗa tabarma ranar Juma'a. Ita dai za ta zauna kusa da shi, in ga abin da ta koya masa."

Daga ranar bayan gidansu ya koma makaranta. Yarinyar ta shimfiɗa igiyar shanya a ƙasa, ta ajiye bahon wanki a matsayin akushi. Ta ɗora kwakwa a kan turmi, ta ce wannan kan manya ne. Ina leƙensu ta shinge ina dariya.

"Kai, mai ƙafar akuya, ka sake tsallakewa," ta ce wa Keli.

"Ke kuma mai kwana cikin tabarma, behind ake cewa a nan."

"Na ji. Sake faɗa."

Ya sake, ta maimaita. Ita kuma ta koya masa kalmar da muke faɗa in za mu gifta mutane, wato tulou, da yadda ake sunkuyawa. Da ya fara faɗa, sai ta fito kamar kukan zakara mai mura. Ta yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya taya ta. Tukai ya ji hayaniyarsu, ya lallaɓo da sandarsa ya zauna yana kallo. Ranar ya ci abinci.

Juma'a ta zo. Ɗaki ya sake cika, aka miƙe igiya. An yi jawabi, Keli yana zaune kamar an dasa shi. Aka miƙa wa Ratu ƙoƙo. Yarinyar ta fara sauke ajiyar zuciya.

Sai Ratu ya ɗaga hannu, bai karɓa ba.

"Zafi ya yi yawa," in ji shi. "Na bar maficina a bakin ƙofa. Yaron ya kawo mini."

Duk ido ya dawo kan yaran biyu. Keli bai ji abin da aka ce ba, ya juyo yana kallonta. Nei tana can nesa cikin mata, ba halin ta yi magana. Yarinyar ta ji tsoron nan ya sake taso mata. Amma ta matsa kusa da kunnensa.

Ta gaya masa ya ɗauko mafici. Ya bi ta bayan mutane, kada ya tsallake igiya. Ya sunkuya, hannunsa a ƙasa.

"Then sit on front of him," ta ƙarasa.

"In front," ya raɗa mata, yana murmushi.

"In front," ta maimaita. Ga mamakinta, ba abin da ya same ta.

Keli ya tashi a sunkuye. Ya ɗauko mafici, ya bi ta jikin bango a bayan dattawa.

"Tulou, tulou, tulou," yake ta faɗa da 'yar muryarsa.

Da ya zo daidai igiya, sai ya ja ya tsaya. Ya dubi igiyar, ya kewaye ta bayan akushi. Ya isa gaban Ratu ya zauna a ƙasa, ya miƙa mafici da hannu biyu. Sannan ya tafa sau uku, yadda ta koya masa.

Ratu ya dube shi, ya dubi yarinyar. Ya karɓi ƙoƙo ya shanye tas.

Ɗaki ya ɗauki tafi. Mata suka taso da waƙa, suka kwance zanen da ke jikin Keli, suka rataya masa furanni. Mai magana da yawun Ratu ya sanar cewa an ga fuskar Isikeli, kuma daga yau ɗan gari ne.

Tukai ya kira jikokinsa biyu, ya riƙe hannuwansu. Hawaye suna bin kumatunsa, bai ko share ba.

"Yanzu na gani," ya ce.

Ranar Asabar aka raka su bakin jirgi. Keli ya cire gorarsa ya rataya wa taubashiyarsa a wuya. Ya ce ta ajiye masa, zai dawo, amma kada ta ɗora a kan taga.

Da aka koma makaranta, Madam Salanieta ta rubuta sabon darasi a allo, na ranaku da watanni.

"Kun gane?" in ji ta.

Duk aji ya ɗaga gira. Hannu ɗaya ne kawai ya tashi sama.

"Madam, ban gane ba. A sake mini."

Sai yaron nan da ya yi mata dariya a bakin teku ya ɗaga nasa a hankali. Wani ma ya ɗaga, wata ma ta ɗaga. Ashe rabin ajin duk a bayan gira suke ɓuya.

Madam ta yi murmushi, ta ɗauko kwando da ƙoƙo.

To yara, kun ji yadda aka yi. Rashin sani ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne yake jawo wahala, har ya shafi wanda bai ji ba bai gani ba. In ba ku gane ba, ku buɗe baki ku ce ba ku gane ba. In kun yi kuskure, ku karɓi gyara ku ci gaba. Matambayi ba ya ɓata.